Bidiyon Gonar Kawu

Danau Kota, 3 ga Maris

Yaya Kabir,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar taka? Baban Imran yana gaisuwa.

Shawara nake nema. Imran ya cika sha shida, ya isa shiga ƙungiyar koyar da matasa harbi da ya shekara biyu yana damunmu da zancenta. A nan ƙasar waje, sai mun je ofishin 'yan sanda ranar Asabar an yi masa tambayoyi, sannan su buga hatimi a fom ɗinsa. Ni kuwa ka sani, ko kakin ɗan sanda na gani sai in canza hanya, in ban da naka. Me zai ce musu?

Ƙanwarka,
Hureira

Zariya, 5 ga Maris

Hureira,

Wa'alaikumus salam. Ke dai tsoro ya yi miki yawa tun kina yarinya. Ɗan sanda ko a ina ɗan sanda ne, shekara talatin na yi ina aikin nan. Ya gaya musu kawunsa tsohon sufeto ne. Sannan ya nuna musu bidiyon da na ɗauke shi a gona da hutun bara, yana harbin gwangwani da bindigar farautata. Suna gani za su san ɗan gida ne.

Yayanki,
Kabir

Danau Kota, 9 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa, mun je, kuma da ma ban tambaye ka ba.

Mun tarar da masu duba ofis daga gwamnati. Rufi suke dubawa, da famfo, da ɗakin ajiye makamai, har bindigogi suka ƙirga ɗaya bayan ɗaya.

Jami'ar da ta zauna da mu mutuniyar kirki ce, har dariya suke yi da Imran. Sai ya miƙa mata waya. Ta kalli bidiyon sau biyu, ta ce, "Shekarunka nawa a nan? Mutumin da ya ba ka bindigar yana da lasisin koyarwa?" Imran ya ce kawunsa sufeto ne. Ta girgiza kai ta ce, "Tak boleh," wato ba zai yiwu ba. A ƙa'idar ƙungiyar, yaron da ya taɓa harbi ba tare da malami mai lasisi ba sai ya jira sha takwas.

Baɗi babansa zai gama karatu mu dawo gida, ka ga shi ke nan. Imran ya daina cin abinci da mu.

Hureira

Zariya, 12 ga Maris

Imran ɗana,

Laifina ne, kuma ina jin kunyarka. Ofishin da na riƙe, da bokiti muke tare ruwan sama a ɗakin makamai, ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye mu. Da haka na saba, na ɗauka ko'ina haka ne. Ba ka san dokarsu ba, ni ya kamata in bincika. Ka yafe mini.

Kawunka

Danau Kota, 20 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. It's okay lah, ba komai, na yafe.

Amma na san dokar, tana shafi na biyu na fom ɗin. Na nuna ne don kai ka ce in nuna.

Imran