Silon Fijonka ya lalace, Yaya Mamman

Assalamu alaikum Yaya Mamman. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin rahama a makwancinka. Ƙanenka Idi ne, kuma da ƙara na zo.

Fijonka ba ta silo. Ka tada ta da safe ta tashi, kana ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi tari ta mace. Ranar kasuwar Dutsin-Ma a gaban masu Keke Napep ta yi mani haka, suna dariya ina turi.

Kuma ka san yaushe abin ya fara? Tun ranar da babban ɗanka Kabiru ya are ta, wai zai kai Hajiya mahaifiyarshi asibiti. Ya dawo yana ce mani ya biya an wanke kafireto. Wa ya aike shi? Motar da tun rasuwarka ba hannun da ya taɓa kafiretonta sai nawa.

Na sani, Malam ya raba gado, motar ta 'ya'yanka ce, ni ba ni da ko taya. Aro suka bar mani. To yanzu Kabiru ya samo mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya ce ran Juma'a in kai su Kurfi da ita, in ta mace a hanya a sayar. Ka ga inda wankin kafireto ya dosa?

Da farko mai bumburutun Birchi na zarga, don fetur ɗinshi warin kalanzir yake. Na zubar, na wanke tanki, na sa na gidan mai. Ba ta canja ba. Na hura jet ɗin kafireto da bakina, na goge fulogi, sun fito baƙi ƙirin da hayaƙi. Mai take sha fiye da ƙima. Wani ya murɗa sukurun silo, Yaya, ba aljani ba ne.

Na ce ko sun musanya kafireton ne. Na duba tsagar da ka yi mashi da zarto a gindi, tana nan. Amma shi bakaniken nasu ba ya da zarto ne?

Ina tuna yadda kake saita ta a ƙofar gida. Ka aza kofin shayi bisa murfin iya-kilina, matatar iskar injin, ka karkata kai, kana murɗa sukuru da bakin cokali. Kakan ce, “Idi, in shayi ya daina rawa, cire hannunka.” Sannan ka miƙo mani in shanye.

Jiya na aza kofin. Na murɗa dama, na murɗa hagu, shayin bai daina rawa ba har ya huce. Kunnena ba ya jin abin da naka ke ji. Ban sha ba, don ba kai ka miƙo ba.

Sai na kwance kafireton, na naɗe shi a tsohon rawaninka, yana ƙarƙashin gadona. Ba mai sake taɓa shi. Ran Juma'a in sun zo, su tura ta zuwa Kurfi. In sun matsa su sayar, su sayar da gangar jiki. Malam ya ce kafireton ma haƙƙin magada ne, na ce a ƙiyasta, in ba su akuyata.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta, Ya shiryi Kabiru, ko da yake ina kallonshi. Ya haɗa mu inda ba a turin mota.

Ƙanenka,
Idi