Agogon Da Ya Bar Ni a Tallinn

Tashar jiragen ruwa ta Helsinki,
safiyar Alhamis.

Dagny tawa, sanyin idona, hasken safiyata, furen da ya ƙi yaushi a bakin tagata, ke da dariyarki ta fi ranar watan Yuni daɗewa a sama,

Kada ki yaga takardar nan! Na san yatsunki sun riga sun kama gefenta, na kuma san yadda kike tsuke baki idan ranki ya ɓaci. Ki karanta tukuna, in kin gama ki yayyaga ta ki watsa wa tsuntsayen teku. Asger ɗinki ne, ina nan da raina, zaune a kan wani benci mai sanyi a bakin ruwa, da hular ulun da kika bar mini a kaina, ina jiran jirginki. Ban gudu ba, Dagny. Na rantse da duk abin da kike so in rantse da shi, ban gudu ba.

Kin tuna hunturun da muka ƙarar a teburin kicin ɗinki a Fredericia muna shirya tafiyar nan? Ke kina shimfiɗa taswira tsakanin kofunan kofi, ni ina ja wa littafina layi da rula, ina rubuta ranar kowace tasha da lokacin tashin jirgi. Ke kika zaɓi ɗaki mai baranda a hawa na takwas, kika ce ba za ki je yawon teku ki kwana a ɗakin da ba taga kamar dankali a buhu ba. Ke kika kafa doka cewa wayoyinmu za su zauna a akwatin ƙarfen ɗaki har mu dawo gida. Ke kuma kika ajiye agogonki a gida, kika ce, "Me zan yi da shi, ga ka? Wanda ke yawo da direban jirgin ƙasa ai ya fi ƙarfin makara." Kai, yadda kaina ya kumbura ranar! Shekara talatin da takwas ina tuƙi ban taɓa shiga tasha a makare da laifina ba, kuma ba wanda ya zauna kusa da ni minti goma bai ji wannan labarin ba.

Shekara bakwai nake biye da ke, ya ke kukan tsuntsun farkon bazarata. Sau huɗu na nemi aurenki, sau huɗu kika ƙara mini kofi kika canja magana. Ban taɓa jin haushi ba, domin na san dalili. Na san Kjeld, mijinki na dā, ya fita sayen jarida wata safiya, kika tsaya a bakin ƙofa har fitilun titi suka kama, sai bayan wata uku kati ya zo daga Sifen. Kin taɓa ce mini, "Na gama jiran namiji a bakin ƙofa, Asger. Na yi rabona." To ki duba abin da na ji ranar Talata da yamma a barandar nan, tsibirai suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kika gyara ɗankwalinki mai ruwan ɗorawa, ba ki ko dube ni ba kika ce, "Gobe a liyafar kyaftin ka sake yi mini tambayar nan taka. Amma ka sa baƙar kwat, kada ka zo mini da wannan tsohuwar rigar sanyin."

Yanzu ga laifina, ba zan rage komai ba. Kin san takardar da suke turo mana ta ƙarƙashin ƙofa kowace yamma, mai jerin abubuwan gobe? Kin kuma san ƙofar kabad ɗin tufafin nan da ke ƙwanƙwasa duk sanda jirgi ya yi tangaɗi? Ranar Talata na ɗauki takardar, ban karanta ko layi ɗaya ba, na ninke ta huɗu na cusa a bakin ƙofar. Ta yi shiru, na yi ta yabon kaina. Ki je ki zaro ta, tana nan har yanzu. A samanta, da manyan baƙaƙe, an rubuta cewa kowa ya tura agogonsa gaba da awa guda, domin lokacin Tallinn ba namu ba ne.

Duniya ta yi iya ƙoƙarinta ta gaya mini, ni ne na toshe kunne. Da safe muka tarar ana kwashe kayan karin kumallo, na ce miki ma'aikatan kicin sun cika gaggawa. A tsakiyar tsohon gari na ɗaga kai na ga agogon hasumiya, na dubi na hannuna, agogon mahaifina da nake wanawa kowace safiya, na girgiza kai don tausayin mutanen garin. Da kika koma jirgi gyaran gashi, na ce miki zan je kallon tashar jirgin ƙasarsu. Ƙarya na yi miki, kuma ita ce ta farko a shekara bakwai. Zobe na je nema. Ta yaya zan tsaya gabanki da baƙar kwat, hannu rabbana?

Na same shi a wani ɗan shago a lungu, na azurfa, da dutse mai ruwan zuma irin wanda teku ke amayarwa a gaɓarsu. Launin idonki ne sak idan kina dariya. Mai shagon tana naɗe shi ta dubi katin jirgi da ke rataye a wuyana ta ce, "Baba, ba ƙarfe biyar jirginku zai tashi ba? Ka fa kama hanya." Na nuna mata agogona na ce, "Yarinya, ina tuƙa jirgin ƙasa tun ba a haife ki ba. Ina da awa guda da minti ashirin. Ku dai ku sa a gyara muku na hasumiyar nan." Daga nan sai na nemi kujera a dandali, na sa aka kawo mini kofi da kek, ina maimaita kalmomin da zan faɗa miki. Ina tsakiyar jimla mafi daɗi na ji ƙahon jirgi, sau uku.

Dagny, kin ga gudun, ba sai na ba ki labari ba. Tsoho mai shekara sittin da bakwai, hannu ɗaya dafe da aljihu, ɗaya yana ɗaga wa dutsen ƙarfe mai hawa goma sha huɗu hannu ya tsaya! Mutane sun cika baranda suna tafi da fito. Har muryar Preben na ji, maƙwabcinmu na teburin cin abinci, yana kwarara ihu, "Asger! Iyo za ka yi, ko in jefo maka wandon wanka?" Ni kuwa idona yake ƙirga hawa, ɗaya, biyu, har takwas. Na ga ɗankwalin mai ruwan ɗorawa. Na ga sabon gyaran gashin da aka yi domina. Ba ki ɗaga hannu ba. Kin daɗe a tsaye, sannan kika juya kika shiga ciki, kuma a nan ne abin ya daina ba ni dariya.

Wakiliyar jirgi a tashar, wata mata mai suna Piret, ita ta tsince ni. Ta ce, "Kai ne mai agogo? Kowane mako sai na samu guda, amma yau na fara ganin wanda ya iso yana yi wa jirgi faɗa wai ya tashi da wuri." Ta gaya mini sau biyar aka kira sunana a lasifika. Ta ce ke kika roƙa a tura mutum tashar jirgin ƙasa, aka duba ko'ina ba a gan ni ba, aka dawo aka faɗa miki. Ta miƙo mini ledar da kika bar mini, ga fasfo ɗina, ga maganin hawan jinina, ga hular ulu. Wayata ce kawai ba ki sa ba, na kuwa gane. Da Piret ta kira jirgi ta ce an gan ni, amsar da ta dawo ita ce uwargida ta kulle ɗaki, ba ta son magana.

Wa zai ga laifinki? Na sa ki tsayuwar da kika rantse ba za ki sake yi ba, na sa ki a ranar da kika buɗe mini ƙofa da hannunki, na kuma haɗa da ƙarya. Tun jiya wannan yake cin raina. Amma ya ke inuwata, ya ke ɗumin murhuna a watan Janairu, macen da ta gama da mutum tana tuna maganinsa? Tana tuna cewa kunnensa ba ya jure iskar teku? Wannan hular ce ta hana ni karaya. Na hau ƙaramin jirgin fito na yamma, awa biyu ya sauke ni a nan, yayin da naku yake ta jan jiki a teku don ku ci liyafa a natse. Kjeld ya fita sayen jarida ya ɓace, ni kuwa na fita sayen zobe na riga ki isowa.

Ba na son ki shigo tasha ba ki ji daga bakina ba, shi ya sa na tare matuƙin da zai fita da kwalekwale ya shigo da jirginku. Veikko sunansa. Na zayyana masa labarin nan kaf, tun daga teburin kicin har zuwa kek, yana kallon ruwa. Da na gama ya ce, "To." Can ya ƙara da cewa, "Kawo." An ce a ƙasar nan wannan doguwar hira ce. Yana tsaye yanzu yana jira in liƙe ambulan.

Za ki ji ambulan ɗin da nauyi. Agogon ne a ciki. Tun ranar da aka binne mahaifina bai kwana nesa da hannuna ba, yau na cire shi na ba ki. Ki gyara shi, ko ki bar shi da kuskurensa, ko ki jefa shi a teku. Na yi miki alkawarin karanta kowace takarda da za a turo ta ƙarƙashin kowace ƙofa har ƙarshen rayuwata, kabad ya yi ta ƙwanƙwasarsa. Zoben kam yana wurina, ba zan ba wani namiji ya kai miki ba. Ba ni da baƙar kwat, tana rataye a ɗakinki. Rigar sanyin nan da kika tsana ce a jikina, kuma a cikinta zan yi tambayar, a bakin tsanin jirgi, a gaban Preben da duk masu fito.

In kin yafe, ki ɗaura ɗankwalin a ƙarfen baranda, zan hango shi tun daga nesa. In ba ki ɗaura ba, zan tsaya duk da haka. Kin yi rabonki na jira a bakin ƙofa, Dagny, saura nawa. Zan tsaya a nan, in jirgin ya sake tashi in riga shi zuwa tasha ta gaba, da wadda ke bayanta, har ki gaji da ganin hular nan.

Ga wani farin abu can ya ɓullo ta bayan tsibiri. Na kai ido hannuna bisa sabo, sai na ga farar fata kawai inda agogo yake zama.

Naki jiya a makare, naki yau tun da sassafe, naki har ranar da teku za ta ƙafe,

Asger.

Ƙarfe nawa yanzu, masoyiya? Ban sani ba. Sai kin sauko kin gaya mini.