Bana Babu Ni a Tebur

Jikata Maren,

Gaisuwa daga garin Ajijic na Meziko. Ya mamanki, ya sanyin Duluth?

Kin ɗauka bizar da ke fasfona ita ce izinin zama a Meziko, ko? Ni ma haka na zata. Ashe sai an musanya ta da katin zama, kuma in na fita ƙasar babu takardar izini kafin katin ya fito, komai ya rushe. Ma'aikaciyar ofishin shige da fice kullum murmushi take: "Gobe, Malama." Mako shida ke nan ana gobe.

Don haka bana babu ni a bikin godiya da dangi ke taruwa su ci abinci tare a can gida Amurka. Lafiyata ƙalau, ranakun Lahadi ne kawai suke min tsawo.

Yadda nake haɗa kek ɗin kabewa yana rubuce a wata takarda cikin shuɗin gwangwani a saman firij ɗinku. Ki gwada da kanki, ki rubuto min ko ƙamshinsa ya cika gidan.

Kakarki,
Arlene