Faifan da Ka Kira Shara

Corey,

Gaisuwa daga Fort McMurray. Yaya Mama da ciwon ƙafarta? Ka gaishe min da matarka Tish da yara. Kai kam ban gaishe ka ba.

Na ga saƙonka. Sabon katin sarrafa hoto na aiko maka ka saka a tsohuwar kwamfutata da na bari a gida, don wasan kwamfuta ya daina tsinkewa. Na ce maka allon cikinta shekararsa goma sha ɗaya, ka bi a hankali. Da katin ya yi tsawo ya ƙi shiga, sai ka ɗauko zarto ka yanke mazaunin faifan ajiya, ka jefar da faifan, har kana rubuto min, "Kwantar da hankalinki, Yaya, shara ce. Yanzu zo ki ga gudu!"

Shara? Garin da muka gina da marigayi Baba a cikin wasa, a faifan nan yake. Hunturu uku muna gini, yana kan keken guragu. Har da karkatacciyar gadarsa da ya hana kowa ya gyara.

Ni lafiya lau. Sanyin ƙanƙara ya ɗan taɓa min yatsu biyu a wurin aiki, likita ya ce ɗayan zai warke. Kada Mama ta ji.

Ran Alhamis ake kwashe shara a layinmu na gida. Kafin ranar, ka zazzage kwandon da hannunka ka nemo faifan. Allah ya raya yaranka, ya sa kada su gado ka.

In ba ka samo shi ba, riƙe kwamfutar da katin duka. Ran da zan dawo gida kuma, kada ka zo ɗaukata a filin jirgin Gander, tasi zan hau.

Yayarka,
Noreen