Fitila Ta Kama, Murya Na Tafiya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Umma, ya maigidanki da yara? Ni lafiya lau, aiki sai godiya.

Kin san aikina: maɓallan nan na saman laftof, na ƙara haske da rage sauti, ni nake sa zuciyar manhajar kwamfuta ta gane su. Maɓallin kashe makirufo ne ya ba ni kunya. Na gama shi, na danna, 'yar fitilarsa ta kama, na ce shi ke nan. Ashe fitilar kawai na haɗa, murya na tafiya abinta.

Ranar da muka yi waya da Umma ta laftof ɗin, ina gama ce mata na ci na ƙoshi, abokin ɗakina ya shigo. Na danna maɓallin, na roƙe shi kada ya taɓa guntun burodin nan, shi ne abincina na yau. Sai na ji Umma ta ce, "Je ka ci, kada ya bushe."

Yaya, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ki ce mata ranar ce kawai ban samu fita kasuwa ba. Kusan haka ne.

Na gyara maɓallin, yanzu yana kashe murya sarai. Amma ki gaya mata, in ta kira, ba zan ƙara danna shi ba.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki