Babban jan kifin Abhur

Laraba da dare, Rajab 1418, unguwar Nuzla, Jidda.

Gwiwa ta kumbura, tarin ma yana nan, amma na je Abhur, can bakin teku, na dawo da ƙafata.

Isa mai kula da lambun wani gidan masu kuɗi a can ya buɗe mini ƙofar baya, don masu gidan sun yi tafiya. Kifayen adon da ke tafkinsu sun ƙara ƙiba, ja da fari kamar an sa musu lalle. Tun jiya na goge ƙayar ƙugiyata don kada ta yaga musu baki. Na zauna da gutsuren burodi har la'asar kafin babban jan nan ya haɗiya. Na fito da shi, na dube shi da kyau, na mayar da shi ruwa.

Isa ya ce, "Alhaji, kai dai da ban dariya kake. Ka kama, ka saki, ka koma gida ka ci wake?" Na ce masa shekara talatin na yi ina su a Tafkin Chadi saboda ciki, wannan kuwa na raina ne.

Ɗana Habibu ya aiko cewa zai zo bayan isha ya karɓe sandar fatsar, wai tunda na faɗi a bakin ruwa watan jiya, halas, an gama. Ni na haife shi, ba shi ya haife ni ba. Na tura sandar ƙarƙashin katifa, na dafa shayi na mutum biyu, na shirya duk abin da zan gaya masa.

Har shayin ya huce, bai zo ba.