Alewar da Ake Cewa Kai Kake Aikowa

Zuwa ga Yaya Mamman, duk inda kake.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan takardar nan ta same ka lafiya, ƙanenka ne Laminu. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa. An yi ruwa sau biyu a nan garinmu Kona. Shukar farko ta ƙone, ta biyu muna kallonta.

Ban san inda zan aika maka ba. Saboda haka na kwafi wasiƙar nan sau huɗu da hannuna, zan raba wa direbobin da ke bin hanyar kudu daga tashar Tasawa. Na san za a buɗe ta a shingen soja, a kuma karanta ta a teburin mai shayi. Duk wanda ta faɗa hannunsa ya kwantar da hankali, babu maganar hukuma a ciki. Maganar alewa ce.

Kai ka fara kawo mana ita. Shekarar da rumbunanmu suka zama wayam ka tafi cin rani, ka dawo da ita a aljihun riga. Ja ce, mai tauri kamar tsakuwa, da ɗan tsami. In an tsotsa an kai tsakiya sai ta yi laushi ta koma cingam. Manya ba su yarda da ita ba. Wata tsohuwa ta ce ƙaro ne aka shafa wa launi. Liman ya juya takardarta gaba da baya, ya ce a dakata sai an san irin kitsen da aka yi ta da shi. Inna ta sa ɗaya a baki, da ta ji ta sauya sai ta tofar a tafin hannu ta duba. Ta ce abin da ya shiga baki alewa ya fito danƙo, ita ba ta amince da shi ba.

Ni kam na amince. Kwanakin da ake dafa ganye da dusa sau ɗaya a yini, nakan tauna guda daga hantsi har la'asar, in manna ta bayan ƙyaure, gobe in ɓamɓaro in ci gaba. In ciki ya ji baki na motsi yakan yi shiru na ɗan lokaci.

Tafiyarka ta biyu ba ka dawo ba. Sai dai ƙunshi. Duk wata biyu ko uku Ɗan Ladi direba yakan kawo shi ranar kasuwar Tasawa: sabulu, ɗan sukari, alewa goma. A ɗaure yake da irin ƙullin da kake ɗaure akuya, ƙullin bahago, wanda babu mai yin irinsa a gidanmu. Ƙunshi biyar suka zo haka. Daga nan shiru, wata tara.

Lokacin ina lise, babbar sakandare, a Maraɗi. Da na zo hutu na ce zan bar lakwal, in ajiye karatun boko in bi sawunka. Ka san Inna da kunyar ɗan fari, ko lafiyarka ba ta tambaya a gaban mutane. Abin da ta ce kawai shi ne, “Lakwal ɗin da ake ba ka abinci za ka bari, ka tahi ina?” Na ce na riga na yanke shawara.

Kwana goma sha ɗaya bayan wannan magana, ƙunshi ya zo.

Na yi murna, na koma makaranta. Bayansa ƙunshi takwas suka biyo. Amma ka san halina, abu ba ya wuce ni ban sake dubawa ba. Ƙullin ya sauya, ya koma irin wanda mata ke yi wa daddawa. Sabulun irin na kasuwar Tasawa ne. Alewar ita ce dai, sai dai zuwa lokacin kowane mai tebur a tasha yana da ita. Na tambayi Ɗan Ladi inda yake haɗuwa da kai. Ranar farko ya ce Katsina. Wata rana ya ce Kano. Ta uku ya ce, “Kai ɗan lakwal, ka cika tambaya kamar jandarma,” ya ta da mota. Na ba kaina haƙuri. Na ce mutum yakan sauya gari, kuma wani na iya ɗaure masa kaya.

Ƙunshi na ƙarshe ni na kwance shi. An naɗe alewar a takarda mai layi gida-gida, irin ta kaye, littafin rubutun lakwal ɗinmu na nan. Na buɗe ta na shimfiɗa a gwiwa. Dikte ce, Yaya, shiftar da ake yi mana a aji. Rubutuna ne na ajin ƙarshe na firamare, da jan biron malaminmu a gefe, kuskure uku.

Wannan kaye shekara da shekaru yana cikin akwatin ƙarfen Inna. Na jira ta tafi rijiya na buɗe, Allah ya yafe mini. An yage takarda tara. Ƙunshin da suka zo bayan shirun nan ma tara ne. Sau uku na ƙirga.

Inna ba ta karatu. A wurinta takarda takarda ce.

Ba zan faɗi abin da ban gani ba. Ban ga ta ba Ɗan Ladi komi ba. Tumakinta biyu ba su nan, ta ce yunwa ta kashe su, kuma a shekarun nan wannan ba abin mamaki ba ne. Mai yiwuwa ita ma ba ta san komi a kanka ba, so take kawai in gama karatu. Mai yiwuwa kuma Ɗan Ladi ya kawo mata wani labari ta haɗiye shi ita kaɗai. Wannan ne yake hana ni sukuni. In haka ne, ta yi shekara biyu ba ta yi kuka a fili ba, ba ta yi maka sadaka ba, tana aikawa a sayo abin da ita kanta ta tofar.

Ban tambaye ta ba. Na zauna a ƙofar ɗakinta na sa alewa ɗaya a baki, na ce Allah ya saka wa Yaya da alheri. Tana tsintar wake. Ta ce amin, ba ta ɗago kai ba.

Sakamako ya fito, na ci jarrabawa. Na kawo mata diflom, takardar shaidar gama karatu, ta riƙe da hannu biyu, ta daɗe tana kallo. Yau wata huɗu ke nan rabonmu da ƙunshi. Ɗan Ladi yana wucewa kowace kasuwa, yana gaishe mu, ba ya sauke komi.

Yayana, in kana raye kada ka aiko da kaya. Ka zo, ko ka turo wanda ya ga fuskarka da idonsa. In kunyar dawowa hannu wofi ce ta riƙe ka, duk waɗanda kuka tafi tare haka suka dawo, kuma an shimfiɗa musu tabarma. Ba na fushi da kai. Kewarka nake yi. Kai ka goya ni a wuya ranar da aka kai ni lakwal ina kuka, kuma har yau ban nuna maka abin da ya fito daga wannan tafiya ba.

An tura ni aiki Mayahi, zan fara bayan girbi. Kafin nan ina da mako shida, zan bi bayan takardun nan tasha tasha. Jiya na faɗa wa Inna. Wannan karon ba ta hana ni ba. Ta tashi ta auna gero ta jiƙa, na furar guzuri.

Bayan kowace salla nakan ɗaga hannu in tsaya, don ban san addu'ar da ta dace da kai ba. To ga su duka biyu. In kana da rai, Allah ya tsare ka, ya juyo da ƙafarka gida tun Inna na gani. In kuma ka riga mu, Allah ya jiƙanka ya haskaka makwancinka, ya sa takardar nan ta kai ga wanda ya yi maka sutura, ya faɗa mana wurin.

Ka huta lafiya.

Ƙanenka da ke nemanka,
Laminu